Wi-Fi ya kama amma babu intanet, firinta kuma tana ɓacewa: ta ina zan fara?

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: "Kamfanin da muke sayen intanet a wurinsu sun kafa mana wani ƙaramin akwati a ofis. Na sayo rauta na jona da shi don Wi-Fi ya kai kowane ɗaki. Wayoyi suna kama Wi-Fi ɗin amma babu intanet. Ranar da aka yi sa'a ya zo kuma, firinta sai ta ɓace bayan kwana biyu, kyamarorinmu ma na kasa kallonsu idan ina waje. Rautar ce ba ta da kyau?"

Malam, ba na jin rautarka ta lalace. Duk abin da ka lissafa alamun saiti ne, kuma za ka iya gyara mafi yawansa da hannunka idan ka riƙe abu ɗaya a ranka.

Rauta fuska biyu gare ta. Ɗaya tana kallon waje, wato ɓangaren kamfanin intanet, ita ake kira WAN. Ɗaya tana kallon ciki, inda kwamfutocinku da wayoyinku da firinta suke, ita ce LAN. Wi-Fi na ɓangaren ciki ne. Shi ya sa alamarsa za ta cika taf a wayarka ko da ba a soka wa rautar kebul ɗin kamfani ba. Abin da alamar ke nufi kawai shi ne wayar tana jin rautar. Saitin waje ba naka ba ne, kamfani ne ke yanke shi, naka tambaya da kwafa. Saitin ciki kuwa kai ke tsara shi yadda kake so. Yawancin wahalar da nake gani tana zuwa ne daga juya wannan: mutum ya yi ta canki-canka a ɓangaren waje, ya bar ɓangaren ciki yadda ya fito daga kwali.

Fara da jona kwamfuta da rautar ta kebul, a ɗaya daga ƙofofin LAN. Kada ka yi wannan aikin ta Wi-Fi, domin duk lokacin da ka taɓa wani saiti zai iya yanke ka a tsakiyar aiki. Ka kuma tabbata kebul ɗin da ya fito daga akwatin kamfani yana ƙofar da aka rubuta wa WAN ko Internet, wadda galibi launinta ya bambanta da sauran. A Windows ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig, ka duba layin Default Gateway. Lambar da ke gabansa ita ce adireshin rautar. Yawanci 192.168.0.1 ce ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei masu ɗaukar sim kan zo da 192.168.8.1, MikroTik kuma 192.168.88.1. Rubuta ta a burawuza, ka shiga da suna da kalmar sirrin da ke kan takardar da aka manna a ƙasan rautar.

Kafin ka taɓa komai, canja kalmar sirrin shiga shafin. Wannan daban take da ta Wi-Fi, kuma mutane da yawa ba su san akwai ta ba. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 waɗanda masana'antu ke sakawa, irin su admin da admin. A watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da na'urorin wajen kai hari kan kamfanin Dyn, mai juya sunayen shafuka zuwa adireshinsu, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga jama'a da dama a Amurka. Kai da kake da kyamarori, wannan labarin ya shafe ka kai tsaye.

Yanzu nemi shafin da ke nuna halin da rautar ke ciki, wanda ake rubuta wa Status, ka karanta adireshin WAN. Wannan layi guda shi ne rabin binciken.

Idan ka ga 0.0.0.0 ko wurin babu komai, rautar ba ta samu shiga wurin kamfani ba, sai a duba nau'in haɗin. Nau'in da ya fi yawa shi ne Dynamic IP, inda rautar ke roƙon adireshi a ba ta, ba ka rubuta komai. Akwai PPPoE, wanda ya yawaita a layukan DSL da na faiba, shi kuma sai da suna da kalmar sirrin da kamfani ya bayar. Harafi ɗaya ya zama babba maimakon ƙarami, ba zai shiga ba, kuma rautar ba lallai ta gaya maka dalili a fili ba, sai ka leƙa shafin da take rubuta abubuwan da suka faru. Akwai Static IP, inda kamfani ke ba ka adireshi da mas (Subnet Mask, mai nuna iyakar rukunin adireshin) da adireshin mafita (Gateway) da DNS (mai juya sunan shafi zuwa lamba), ka kwafe su lamba bayan lamba. Rauta mai sim kuma APN take buƙata, sunan da kamfanin layin ya tanada. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganowa da hasashe. Kira kamfanin ka ce: wane nau'in haɗi kuke amfani da shi, kuna buƙatar lambar VLAN, kuma kun ɗaure layin da adireshin MAC na wata na'ura? Tambaya ta biyu tana da muhimmanci a faiba, domin wasu kamfanoni ba sa karɓar bayanai sai an yi musu tambari da wata lamba, ko da suna da kalmar sirri daidai suke. Ta uku kuma, MAC lambar shaida ce da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta; idan sun ce e, ko su sake rajistar sabuwar rautar, ko ka yi amfani da zaɓin MAC Clone ka kwaikwayi adireshin tsohuwar na'urar. Wasu modem ɗin ma, wato akwatin da ke karɓar layin kamfani, suna riƙe na'urar farko da suka gani, sai ka kashe su na 'yan mintuna, ka kunna modem tukuna, ya daidaita, sannan ka kunna rautar.

Amma daga yadda ka bayyana abin, zargina ya fi karkata wani wuri. Akwatin da kamfani ya kafa muku wataƙila shi ma rauta ne, ba modem zalla ba. Idan haka ne, galibi za ka ga adireshin WAN na rautarka ya fara da 192.168. To ka kwatanta shi da adireshin LAN. In WAN ya nuna 192.168.1.5, LAN kuma 192.168.1.1, ka kama ɓarawon. Mas ɗin 255.255.255.0 yana nufin lambobi ukun farko su ne sunan unguwa, ta ƙarshe ce lambar gida. Rautarka tana ganin unguwa mai suna iri ɗaya a gabanta da bayanta, don haka idan saƙo ya zo ba ta san ta wace ƙofa za ta fitar da shi ba. Wasu sababbin rautoci suna gane wannan su sauya da kansu, da yawa ba sa yi. Gyaran kuwa minti biyu ne: shiga saitin LAN, ka mayar da adireshin rautar 192.168.20.1, ka bar mas yadda yake, ka adana. Shafin zai ɓace maka, kada hankalinka ya tashi. Cire kebul ɗin kwamfutar ka mayar, ko ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew, ka shiga ta sabon adireshin.

Ba kowace lamba ake zaɓa ba. Tun 1996 wata ƙa'ida mai suna RFC 1918 ta ware rukuni uku don amfanin cikin gida: duk abin da ya fara da 10, daga 172.16 zuwa 172.31, da kuma 192.168. Ka tsaya a cikinsu. Na sha ganin an ƙirƙiri adireshi don ya yi daɗin tunawa, ashe na wani kamfani ne a intanet, sai shafukan kamfanin su daina buɗewa a ofishin kaɗai, a yi ta neman dalili.

Wannan zai dawo da intanet, amma ya bar ka da rauta biyu a jere, kowacce tana fassara adireshi. Aikin fassarar shi ake kira NAT, wato duk na'urorin ciki su fita da adireshi ɗaya. Yin sa sau biyu ba ya hana lilo ko kallon bidiyo, amma yana raba ofis gida biyu. Wanda ya kama Wi-Fi na akwatin kamfani ba zai ga firintar da ke bayan rautarka ba, alhali suna ɗaki ɗaya. Mai yiwuwa wannan na cikin dalilan da firintarku ke bayyana ga wani ta ɓace wa wani.

Hanya biyu ce. Ko ka roƙi kamfanin su mayar da akwatinsu gada kawai, abin da ake kira Bridge, rautarka ta karɓi ragamar komai, har da bayanan PPPoE idan da su ake shiga. Ko ka bar akwatinsu ya zama shugaba, ka mayar da rautarka mai watsa Wi-Fi kawai. Idan tana da zaɓin Access Point, danna shi ya wadatar. Idan babu, kashe DHCP ɗinta, wato mai raba wa na'urori adireshi, ka ba ta adireshi a unguwar akwatin kamfani wanda ba ya cikin waɗanda akwatin ke rabawa, misali 192.168.1.2, sannan ka cire kebul daga ƙofar WAN ka soka a LAN. Ni na fi son ta farko ga ofis mai kyamarori, saboda saitin yana hannunka, kuma ranar da ka sauya kamfani ba sai ka sake gina komai ba. Amma idan wayar tarho ko talabijin na tafiya ta akwatin kamfanin, ko suka ƙi yarda, ta biyu ba ta da aibi. Abin da ba na so shi ne a bar na'urori biyu suna raba adireshi a unguwa ɗaya. Wannan ita ce matsalar da ke zuwa yau ta tafi gobe, domin wayar da ta nemi adireshi tana karɓar amsar wanda ya riga ne.

Mu koma kan firinta. DHCP aro yake bayarwa, ba kyauta ba. Na'ura ta shigo, a ba ta adireshi na wani wa'adi, a wasu rautocin awa 2, a wasu awa 24. Idan firinta ta kwana a kashe wa'adin ya ƙare, ana iya ba wa wayar wani adireshinta, ita kuma da safe ta samu sabo. Kwamfutocin da aka saita da tsohon adireshin sai su ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta nan. Tsarin da nake yi shi ne na raba lambobin tun farko. Rautar tana 1. Daga 2 zuwa 49 na na'urorin da ba sa motsi ne: firinta, na'urar naɗar bidiyon kyamarori, ma'ajiyar fayiloli. Rabon DHCP ya fara daga 100 zuwa 199. Sannan a shafin Address Reservation na ɗaure adireshin MAC na firinta da lamba ɗaya, a ce 192.168.20.10, ta yadda ko ta yi wata a kashe, ita za ta tarar. Za ka iya rubuta adireshin a jikin firintar da hannu, amma na fi son a yi a rauta, domin komai na wuri ɗaya, wanda ya gaje ka a aikin zai gani. Bayan ka ɗaure, sai ka goge firintar daga kowace kwamfuta ka sake ƙara ta da sabon adireshin.

Ƙaramin abin lura: wayoyi tun daga Android 10 da iOS 14 suna ɓoye ainihin MAC ɗinsu su nuna na bogi ga kowane Wi-Fi. Idan kana son ɗaure wa waya adireshi, ka duba wannan zaɓin a saitin Wi-Fi na wayar. Firinta ba ta da wannan hali, sai dai tana da MAC ɗaya na kebul, wani na Wi-Fi, ka tabbata wanda take amfani da shi ka ɗaure. Idan kuma wata kwamfuta ta nuna adireshi mai farawa da 169.254, ma'anarsa ta nemi DHCP ba ta samu amsa ba, ta laƙaba wa kanta lamba. Nan kebul za ka duba, ko DHCP da aka kashe, ko lambobin rabo da suka ƙare.

Akwai gwaji da ke raba gardama idan intanet ya tsaya. A cmd rubuta ping da adireshin rautar. In ta amsa, ciki lafiya. Sai ka rubuta ping 1.1.1.1. In ya amsa, waje ma lafiya. In duk biyun sun amsa amma shafuka ba sa buɗewa da sunansu, DNS ne, wato mai juya suna zuwa lamba. A saitin WAN ko na DHCP ka sa 1.1.1.1 na Cloudflare, ko 8.8.8.8 na Google, ko 9.9.9.9 na Quad9 wanda ke toshe sanannun shafukan cuta. Sauya DNS ba ya ƙara ƙarfin layinka, duk da ana yawan faɗin haka. Saurin gano adireshi kawai yake shafa.

Wata alama kuma mai rikita mutane: wasu shafuka su buɗe, wasu su tsaya rabi, ko saƙo mai ɗauke da fayil ya ƙi tafiya. Wannan sau da yawa MTU ne, girman ƙunshin bayanai mafi girma da layin ke ɗauka. A kebul na yau da kullum 1500 ne, amma PPPoE yana cin 8 don nasa bayanin, saura 1492. Gwada ping 1.1.1.1 -f -l 1472 a Windows. Idan ya ce sai an farfasa ƙunshin, ka riƙa rage lambar har ya wuce, sannan ka ƙara 28 a kan wadda ta wuce, ita ce MTU ɗinka. A PPPoE yawanci 1464 ce za ta wuce. Idan ba ka ga wannan alamar ba, kada ka taɓa wurin.

Sai kyamarori, kuma a nan ina so ka yi haƙuri da ni, domin amsar ba lallai ta yi maka daɗi ba. Don ka shigo daga waje kai tsaye, sai ofishin yana da adireshin da duniya ke gani. Adiresoshin IPv4, wato irin waɗannan masu lambobi huɗu, kimanin biliyan 4.3 ne kacal, kuma hukumar IANA ta raba na ƙarshe da ke hannunta a Fabrairun 2011. Saboda ƙarancin, kamfanoni da yawa, musamman na layin sim, suna cusa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Alamarsa ita ce adireshin WAN na na'urar da ke fuskantar kamfani ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, rukunin da aka ware don haka a 2012, ko ya fara da 10, ko kuma ya saɓa da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka. In haka ne, ko ka kwana kana buɗe ƙofofi a rauta (ƙofofin lamba na cikin saiti, ba na soka kebul ba) ba abin da zai shigo, domin ƙofar farko tana hannun kamfani. Sai dai ka nemi su ba ka adireshi na fili, ko ka duba ko suna bayar da IPv6, sabon tsarin adireshi, ko ka yi amfani da manhajar masu kyamarar wadda ke fita ta haɗu da sabarsu.

Idan kana da adireshi na fili, Port Forwarding zai yi aiki: ka ce duk abin da ya zo ta ƙofa kaza a miƙa shi ga 192.168.20.11, adireshin da ka ɗaure wa na'urar naɗar bidiyon. In adireshin naka na canjawa, DDNS zai ba ka suna tabbatacce da ke bin sa. In rauta biyu ce a jere, sai an buɗe a duka biyun. Sai dai ni ba na ba da shawarar buɗe kyamara ga duniya haka. Akwai na'urori da ke zagaya intanet dare da rana suna gwada ƙofofi, kuma manhajar kyamarori ba kasafai ake sabunta ta ba. Idan rautarka na da VPN a ciki, wato kulallliyar hanyar shiga daga nesa, WireGuard ko OpenVPN, kunna shi: ka shiga ofis ta nan tukuna, sannan ka kalli kyamara kamar kana zaune a ciki. Ka kashe UPnP idan babu abin da ke buƙatarsa, domin yana barin na'urori su buɗe wa kansu ƙofa ba da saninka ba. Ka kashe shiga shafin rautar daga waje ma.

Wi-Fi ba zan daɗe a kansa ba tunda yana kamawa. A zaɓin tsaro sa WPA2 mai AES, ko WPA3 idan na'urorinku sun iya. Tsofaffin firintoci kan ƙi WPA3, sai a zaɓi haɗin biyun. Tsohon tsarin tsaro na WEP an daɗe da fasa shi. Kashe WPS, wato hanyar jona na'ura da maɓalli ko lamba ba tare da kalmar sirri ba: a Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambarsa mai alƙaluma 8 ana tantance ta rabi-rabi, don haka gwaji kimanin 11,000 ya isa a gano ta. A zangon 2.4 GHz zaɓi tasha 1 ko 6 ko 11 da faɗin 20 MHz, su ne ba sa hawa kan juna. Zangon 5 GHz ya fi sauri amma bai kai shi ratsa bango ba. Baƙi kuma ka buɗe musu Wi-Fi na baƙi, amma ka tabbata firinta da ma'aikata ba a kansa suke ba, domin an gina shi ne musamman don ya hana na'urori ganin juna, kuma wannan ma yana ɓatar da firinta.

Ka riƙa canja abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Idan komai ya zauna, sabunta manhajar rautar daga shafin masu ƙera ta, ta kebul, kada wuta ta yanke a tsakiya. Sannan ka sauke kwafin saitin ta zaɓin Backup, ka rubuta bayanan PPPoE da lambar VLAN da jerin adiresoshin da ka ɗaure a takarda. Ɗan maɓallin Reset da ke baya, idan aka danne shi na kimanin daƙiƙa 10, yana share duk wannan, har da bayanan shiga na kamfani, don haka ka gargaɗi mutanen ofis kada su taɓa shi idan intanet ya ɗauke, musamman na akwatin kamfanin.

Idan ka gyara karon adireshin amma har yanzu shiru, aiko mini da abu uku: lambobi biyun farko na adireshin WAN, adireshin LAN, da nau'in haɗin da kamfanin ya ce suna amfani da shi. Kada ka haɗa da kalmar sirri ko cikakken adireshin WAN.